Wadda Ta Ce wa Mas'uda Labarinta Bai Yi Ba

Mas'udar nan da kuke gani a gidan Malam Abbas, mai ɗinkin zannuwan gado, ba haihuwar cikin Azare ba ce. A ruga aka haife ta, can bayan Bulkachuwa. Uwarta Dijatu ƙawata ce tun muna 'yan mata, ita ta kawo nono kasuwa, ni in kai fura, da haka muka saba. 'Ya'yan Dijatu biyu ne suka rayu: Gidaɗo ɗan fari, sai Mas'uda can bayansa da nisa, don a tsakaninsu haihuwa aka yi ta yi ana binnewa.

Kun dai san yadda uwa take da ɗan fari, balle a ce Bafulatana. Dijatu ba ta taɓa kama sunan Gidaɗo da bakinta ba. In za ta ba shi nono sai ta zuba a ƙoƙonsa, ta ajiye, ta kau da kai, ta ce wa Mas'uda ta gaya wa wancan. Haka aka tashe mu, ba ƙiyayya ba ce.

Wata damina Gidaɗo ya kora shanu za su ƙetare kogi ta wajen Katagum. Ruwa ya cika, wani maraƙi ya kauce, ya bi shi. Maraƙin ya fita, shi bai fita ba. Da aka zo da labari Dijatu tana kaɗa nono. Ta ce Allah ya jiƙan Musulmi, ta ci gaba da murza maburginta. Mutane suka yi ta yaba mata, wai ta cika 'yar gidan kunya. Mas'uda a lokacin ƙarama ce, ita aka miƙa wa igiyar maraƙin aka ce ta ɗaure. To da wannan ta tashi a ƙirjinta: yayanta da yake saɓa ta a wuya ya tafi, kuma a gidan babu mai faɗin sunansa, kamar ba a taɓa yin sa ba.

Bayan mahaifinta ya rasu shanu suka watse, suka dawo cikin gari gidan Bappa, ƙanin Dijatu. Nan aka sa ta boko, ta yi har sakandare, ta koyi ɗinki, ta auri Malam Abbas na sakateriyar ƙaramar hukuma. Mutum ne mai sauƙin kai, sai dai tsokana. Tun tana makaranta take rubuce-rubuce, in ya tarar da ita da biro a baki keken ɗinki a tsaye sai ya ce marubuciya, miya dai tana can tana rubuta nata labarin a gindin tukunya.

Ana nan aka shiga shekarun da wayar hannu ta fara yawa, aka buɗe shagunan kwamfuta a gari, waɗanda suke cewa kafe. Ƙanwar Malam Abbas, Ihsan, tana aikin buga takardu a ɗaya daga ciki, kusa da tasha. Ita ta zo wa Mas'uda da labarin wai akwai zaure a cikin intanet, na masu rubuta labari. Ni da na ji zaure na ɗauka irin mai tabarma ne. Ashe babu bango babu ƙofa. Kai kana Azare, wani yana Kano, wata tana Zariya, ka rubuta abinka ka jefa, kowa ya karanta ya mayar maka da magana. Ba ka san fuskarsu ba, sai suna. Suna da shugaba ma, wani malami a Kano.

Malam Abbas ya yarda ta riƙa zuwa kafen da hantsi, tunda ƙanwarsa na wurin. Mas'uda kuwa ba labarin soyayya ta ɗauko ba kamar sauran. Labarin Gidaɗo ta ɗauko. Ta ce mini tunda a gida an hana sunan nan fita, za ta kai shi inda mutane za su karanta shi su san an yi wani yaro haka. Burinta ke nan kaf, ba suna take nema ba.

Sai dai da ta zo kan uwar, sai ta kasa rubuta Dijatu yadda take. Ta ga in ta ce uwa ta ji mutuwar ɗanta ta ci gaba da kaɗa nono, mutanen birni za su ce wannan uwar ba ta da imani. Don haka ta gyara ta. Ta sa ta ta ruga bakin kogi ba ɗankwali, ta faɗi tana birgima a laka, tana kiran Gidaɗo, Gidaɗo, har ta suma aka yayyafa mata ruwa. Ta sa mata dogon jawabi kuma, tana yi wa kogi faɗa.

Ihsan ta buga, suka jefa. Amsa ta yi ta zubowa. Allah ya ƙara basira. Allah ya ja zamanin alƙalami. Wata ta ce ta yi kuka har gyalenta ya jiƙe. Wani ya ce Azare ta haifi gwana. Ihsan ta buga mata su a takarda, Mas'uda ta zo gidana tana karanta mini tana dariya, fuskar nan kamar an shafa mata mai. Ni dai na ce tubarkalla, don mu a da in aka cika yaba maka abu ba a ce tubarkalla ba, ɓoye shi kake yi.

Sai ga saƙon wata mata mai suna Ya Fanna. Ba su san garinta ba, sunan dai ya nuna Babarbariya ce. Mas'uda ta karanta mini shi sau da yawa daga baya, har na kusa haddacewa. Cewa ta yi:

"Ke 'yar Fulani, baiwata, zo nan uwar gijiyarki ta gaya miki gaskiya. Na karanta har ƙarshe, idona a bushe. Uwar nan taki ta fim ce. Kin ce 'yar ruga ce, ɗan kuma na fari, sai ga ta tana kwarara sunansa a bakin kogi kamar mai tallan nono. Na zauna da Fulani, ban taɓa ganin wannan matar ba. Ko dai ba ki san matan da kike rubutawa ba, ko kin san su kina jin kunyar a gan su. Wuri ɗaya ne mai rai: inda aka ba yarinya igiyar maraƙin, ta rasa ta doke shi ko ta ba shi ruwa. Ki yar da sauran, ki fara daga nan."

Mas'uda ta ce da ta karanta sai ta ji kamar an tuɓe mata zane a kasuwa. Ta fito daga shagon ba ta ma yi wa Ihsan sallama ba, ta taka har gida a ƙafa cikin rana. Ba zagin ne ya fi yi mata ciwo ba, a'a. Yadda matar ta taɓa daidai wurin ne.

Ihsan ta biyo ta da la'asar tana huci. Ta ce hassada ce, ta ga ana yabon matar yayanta ne ta kasa haƙuri. Wa ya aike ta? Kuma har da kiran mutum baiwa a gaban jama'a. Ta ce wannan ba abin bari ba ne, a kai wa shugaba. Malam Abbas yana alwala a tsakar gida ya ce ai wasan Barebari da Fulani ne, ko a ofis haka suke yi, Babarbare ya shigo ya ce ina bayina, a yi dariya a wuce. Ihsan ta ce masa wasa a cikin intanet? Shi kuma ba mai son ja-in-ja ba ne, ya tafi masallaci.

Mas'uda ta san wasan nan, ba wai ba ta sani ba. Ta tashi tana ganin Dijatu da matan Barebari masu sayar da turaren wuta suna zage juna tas a kasuwa su rabu suna dariya. Amma zuciya ta riga ta kumbura. Ta zauna Ihsan ta buga mata ƙara zuwa ga shugaba, kamar yadda ake kai wa mai unguwa: an ci mata mutunci, an kira ta baiwa, an kushe mata aiki, tana neman a bi mata hakkinta.

Shugaba mutumin kirki ne, sulhu ya sani. Ya rubuta wa kowa da kowa cewa zaure na zumunci ne, kuma mai ƙoƙari ƙarfafa masa gwiwa ake yi. Ya ce Ya Fanna ta ba 'yar'uwarta haƙuri a gaban jama'a yadda ta ɓata mata a gaban jama'a. Ita kuwa ta amsa a gajarce. Ta ce in wasan ya yi zafi ta ba da haƙuri, ta ɗauka da abokiyar wasa take magana. Amma labarin yana nan yadda ta faɗa, ba za ta ce ya yi ba alhali bai yi ba.

Nan fa aka yi mata caa. Wannan ya ce girman kai, wancan ya ce ita me ta taɓa rubutawa. Mutanen da ba su taɓa ganin ruga ba suka yi ta rantsuwa cewa haka uwa take yi. Mas'uda tana zaune gaban kwamfuta tana ganin ana rama mata, ta ce mini a ranar har daɗi ta ji. Daga ƙarshe shugaba ya kafa doka: duk mai gyara kada ya faɗa a fili, ya aiko masa shi, in ya ga da buƙata ya isar cikin lalama. Ya Fanna ta rubuta sallama, ta ce Allah ya bar zumunci, ta fita daga zauren. Shi ke nan.

Aka kwana biyu. Wata Juma'a Mas'uda ta je gaida uwarta gidan Bappa, ni ma ina can, muna ɓarar gyaɗa a inuwar darbejiya. Ta ce Inna, bari in karanta miki abin da mutanen Kano suke yabo. Dijatu ta ce to.

Da sunan yaron ya fito, na ga hannun Dijatu ya tsaya a kan gyaɗa, ta sunkuyar da kai. Na ce a raina yau akwai magana. Amma da aka zo inda uwar ta ruga kogi ba ɗankwali tana birgima, sai na ga kafaɗarta ta sauka. Ta ci gaba da ɓara. Ta saurara kamar yadda take sauraren wasan rediyo, har da gyaɗa kai. Da aka gama ta ce:

"Allah sarki. Wannan matar 'yar wane gari ce? Ba ta da dangi ne su riƙe ta?"

Mas'uda ta naɗe takardun ta sa a jaka. Can ta ce akwai wata ma da ta ce matar ba ta yi kama da ta gaske ba. Dijatu ta tambaya wace ce. Sai Mas'uda ta kwashe duka ta gaya mata, da baiwar, da ƙarar, da fitar matar. Dijatu ta ajiye gyaɗar ta dube ta sosai.

"Babarbariya ta yi miki wasa, kika kai ƙararta?"

"Inna, a gaban mutane ne fa."

"Da a ɗaka ake wasan? Mu abin da ɗan'uwanka zai ji nauyin gaya maka, su suke gaya maka, ka rama, a wuce. Ban taɓa jin wanda ya kai ƙara ba sai ke."

Dijatu ta koma kan gyaɗarta. 

To daga nan ne wahalar Mas'uda ta fara. Ta koma ta yar da komai, ta fara daga igiyar maraƙi kamar yadda aka ce mata. Wannan karon abin bai zo da sauƙi ba. Sai ta taka keke ta tsaya, ta taka ta tsaya, masu zannuwa suna aiko mata ana cewa ba a gama ba. Ta riƙa tuno abubuwan da ta gani tana ƙarama ba ta gane ba. Ta tuna cewa bayan rasuwar, kullum in Dijatu za ta wanke ƙore sai ta haɗa da ƙoƙon Gidaɗo, alhali ba mai sha da shi, ta wanke ta kife a rana tare da sauran. Ta tuna maraƙin nan ya girma ya zama sa, dillalai suka yi ta zuwa, Dijatu ta hana a sayar, kuma ba ta taɓa duban inda yake ba in tana ba shi dusa. Ta tuna ranar da aka zo da labarin nonon ya wuce kaɗuwa, ya tsinke ya lalace, uwar ba ta daina murzawa ba sai da wata ta zare maburgin daga hannunta. Duk ta sa. A sabon labarin uwar ba ta yi kuka ba, ba ta kama suna ba ko sau ɗaya. Yarinyar ce kaɗai take faɗin sunan, ita ma a kunnen maraƙi.

Ta kai wa Ihsan. Ihsan tana bugawa tana cewa Anti, na farkon ya fi taɓa zuciya fa, wannan uwar kamar dutse. Mas'uda ta ce ta dai buga. Suka jefa.

Amsa ta zo. Allah ya ƙara basira. Allah ya ja zamanin alƙalami. Matar nan mai gyale ta sake cewa ta yi kuka har gyalenta ya jiƙe. Mas'uda ta sa aka ɗauko amsoshin wancan karon ta jera su da na wannan. Kusan baki ɗaya. Wani ma ya yaba mata inda uwar ta suma a bakin kogi, abin da babu shi a sabon. Ashe ko buɗewa bai yi ba.

Ta rubuta musu da kanta, tana roƙo. Ta ce don Allah wanda ya ga aibu ya faɗa a fili, ta yafe tun kafin ya faɗa. Aka amsa mata da cewa ai babu aibu, sai ma tawali'unta da ya ƙara burge su. Wa zai faɗa? Kowa ya ga abin da aka yi wa wadda ta faɗa, kuma a kan wa aka yi. Ta roƙi shugaba ya ɗage dokar nan, ya ce dokar ta kawo zaman lafiya, tun da aka kafa ta ba a sake samun saɓani ba. Gaskiya ya faɗa kuwa. Ya ce kuma ba wanda ya taɓa aiko masa da gyara.

Sai ta shiga neman Ya Fanna. Ihsan, da yake jikinta ya yi sanyi, ta tono mata adireshin da matar take aiko da saƙo. Mas'uda ta rubuta ban haƙuri, ta haɗa da sabon labarin. Ta ma fara da wasa, ta ce ga baiwarki ta dawo, a duba mata aikinta. Ta yi ta zirga-zirga kafe tana tambaya ko an amsa. Wata rana a ce an ɗauke wuta, wata rana a ce layi ba ya tafiya, in komai ya yi daidai kuma a buɗe a ga babu komai. Daga baya saƙon ma ya riƙa dawowa, wai akwatin an rufe shi. Aka tambayi 'yan zaure, ba wanda ya san garinta. Wani ya ce Nguru, wani ya ce Gashuwa, wani ya ce wataƙila ma ba sunanta ba ne.

Ta karanta wa Malam Abbas, ya ce ya yi kyau. Ta ce wancan fa? Ya ce shi ma ya yi kyau. Ta karanta mini, ni kuwa na san Gidaɗo da idona, ko sunansa kaɗai aka faɗa sai in yi hawaye, to ina amfanin hawayena a nan? Ita so take ta san ko wanda bai taɓa ganin yaron ba zai gan shi.

Saura mutum ɗaya. Ta daɗe tana jan ƙafa, sannan wata Juma'ar ta ɗauki takardun ta nufi gidan Bappa. Ta roƙe ni in raka ta. Muka tarar da Dijatu tana tsince wake. Mas'uda ta ce Inna, na gyara labarin nan. Dijatu ta ce to.

Ta fara karantawa. Igiyar maraƙi ta wuce. Nonon da ya tsinke ya wuce. Dijatu ba ta ɗago ba. Da aka zo kan ƙoƙon da ake wankewa a kife a rana, sai ta ajiye faifan waken a hankali, ta dafa ƙasa ta miƙe, ta ce ta ji kamar akuya ta kwance. Ta zagaya bayan ɗaki. Mu kuwa muna ganin awakin duka a turkensu.

Muka zauna muna jira. Ta jima, sannan ta dawo, fuskarta yadda take kullum. Ta ɗauki faifanta ta tambayi Mas'uda ko yara sun warke daga tari. Mas'uda ta ce Inna, ban gama ba. Dijatu ta ce rana ta yi, mijinki zai dawo daga masallaci.

A hanya Mas'uda ta yi ta tambayata. Gwaggo, ya yi ne ta tashi, ko ɓata mata rai na yi? Na tona mata abin da ta rufe ne? Ko dai shi ma bai yi ba, gajiya ta yi da ji? Na ce mata ban sani ba, kuma da gaske ban sani ba. Shekara nawa muna tare da Dijatu, a kan yaron nan ba ta taɓa buɗe mini ko ƙofar allura ba. Kuma ba ta da halin faɗa. In ta ce ya yi, ta yarda ita ce, ta kama sunan ɗanta ke nan a fakaice. In ta ce bai yi ba, ta yi masa ƙarya. Ba ta sake bari an ɗauko zancen ba har Allah ya karɓi abarsa.

Zauren nan ma daga baya ya mutu, mutane suka koma waya. Mas'uda ba ta sake jefa labari ba. Ba wai ta yi fushi ba ne, cewa ta yi ta rasa wanda za ta ba. Labarin Gidaɗo yana nan, wani lokaci ta ɗauko ta canja wani wuri, gobe ta mayar yadda yake, don ba ta san wanne ya fi ba.

Har yau in matan Barebari suka kawo mata ɗinki, daga Nguru ko Gashuwa ko can gabas, sai sun shigo suna ina baiwarmu, a zo a auna mana. Ita kuma ta rama, a yi dariya. In sun zauna ta kawo ruwa, sai ta tambaye su ko sun san wata Ya Fanna mai karance-karance, mai kaifin baki. Su kuwa sai su kwashe da dariya su ce wacce daga ciki, ai duk gidan Barebari akwai Ya Fanna, kuma duk bakinsu da kaifi. Sai ita ma ta yi dariya, ta ja zanen ƙarƙashin allura, ta ci gaba da taka kekenta.